Ƙuri'un Tungar Magarya

Mani yana zaune a ƙofar gida yana tufkar igiya da hantsi, sai ga kabu-kabu, babur ɗin haya, ya tsaya a bakin hanya. Wata budurwa ta sauko, da jaka a kafaɗa da doguwar takarda nannaɗe a hannu. Ta tare matan da ke dawowa daga rijiya ta yi tambaya, suka nuna mata shi.

Ta iso ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida da gajiya da sanyi. Sannan ta ce, "Baba, sunana Josiane. Ni ɗiyar Dieudonné ce, wanda ya yi majo, wato babban ma'aikacin jinya, a likitar Kore Mairuwa."

Mani ya ajiye igiyar ya dube ta da kyau. Ya san Dieudonné. Kirista ne mutumin Dogon Dutsi, shi ya ɗinke masa ƙafa shekarar da gatari ya sare shi, kuma mutane ba su manta ba cewa duk watan azumi ba a taɓa ganin ya kai ko ruwa baki a gaban marasa lafiya ba.

"Majo yana nan da rai?"

"Yana nan, Baba. Ya yi ritaya. Shi ya ce in zo wurinka."

Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure. Matarsa Habsatu ta kawo ruwa da fura, ta yi wa baƙuwa barka da zuwa, ta koma bayan darni inda take ɓarar gyaɗa. Josiane ta kurɓi ruwa, ta ce a jami'ar Yamai take karatu, tana rubuta littafinta na ƙarshe, kuma a kan wani zaɓen shugaban ƙasa da ya wuce ne: yadda kowane yanki ya jefa ƙuri'a, da dalilin da ya sa.

Da Mani ya ji kalmar zaɓe sai ya mai da ido kan igiyarsa.

Fiye da shekara goma ke nan ba a yi masa wannan magana gaba da gaba ba. A wancan lokacin shi ne delege na jam'iyyar da ta fi ƙarfi a kewayen, wato wakilinta a Tungar Magarya. Aji uku ya yi a lakwal, makarantar boko, yana iya karanta takarda, kuma mutum ne da in ya ce ga yadda abu yake, ana yarda. Shi ke tara mutane in baƙi za su zo, shi ke bin gida gida yana duba ko kowa ya karɓi katin zaɓe. Ranar zaɓe duk ƙauyukan da ke kewaye suka bi jam'iyyar kamar yadda suka saba. Tungar Magarya kaɗai ta juya baya, ta ba wani ɗan takara na can gabas, wanda bai taɓa tako ƙasar Arewa ba balle ƙauyen.

Kwana uku bayan haka, ranar kasuwar Kore Mairuwa, Alhaji Ahmad ya tare shi. Alhaji Ahmad babban ɗan kasuwa ne, shi ke riƙe da jam'iyyar a komin ɗin duka, wato ƙaramar hukumarsu. A gaban masu sai da hatsi ya ce masa ya faɗi abin da aka ba shi ya sai da garinsu. Mani ya rantse, Alhaji ya yi dariya, ba wanda ya tsaya masa. Daga ranar ba wanda ya zage shi a Tungar Magarya, amma an daina kiransa in za a sasanta rikicin gona, an daina ba shi ajiyar magana. Mazan da suka dawo daga bida, wato ci-rani, farkon damina suka iske labarin ya riga ya zauna, suka ɗauke shi yadda suka same shi. Shi kuma ya daina zuwa kasuwar, ya koma sai da igiyoyinsa ta hannun wani maƙwabci.

Josiane ta warware doguwar takardar a kan tabarma, ta danne gefunanta da takalminta da ƙwaryar fura. Taswira ce ta ƙasar duka, an shafe ta da launuka.

"Baba, bari in nuna maka abin da muke koya. Ka ga nan yamma, ka ga nan tsakiya, ka ga gabas. A zagayen farko, yawanci kowane yanki ɗan gida yake bi, ko jam'iyyar da manyansa suke ciki. In an je zagaye na biyu, sai a bi wanda ɗan gidan ya nuna. Birane sukan rarrabu, saboda akwai ma'aikata da baƙi da ƴan kasuwa daga ko'ina. Amma ƙauye, in maigari da mai kuɗin garin suka fuskanci wuri guda, nan ake zuwa."

"Haka ne," in ji Mani. "Wanga ko ba a shiga jami'a ba an san shi."

Ta yi murmushi, ta fito da ƙaramar taswira ta yankinsu. Daga Sukukutane har gangarowa Tibiri, ta bi ƙauye ƙauye ta ɗiga launi. A gefen Kore Mairuwa launi ɗaya ne ya mamaye, sai ɗigo guda a tsakiya da ya sha bamban.

"Ga ku nan. Malamina ya ce ko dai kuskure aka yi wajen rubuta sakamako, ko kuma saye aka yi. Ya ce in cire ɗigon in ci gaba, ƙauye ɗaya ba ya canza bayani. Babana kuma ya ce shi ya san delegen garin, kuma ba mai sayuwa ba ne. Shi ya sa na zo."

Mani ya daɗe yana kallon ɗigon. Bai taɓa tsammanin abin da ya same shi yana da wuri a kan takarda ba.

"Ba kuskure ba ne, ɗiyata," ya ce. "Tun da anka buɗe biro, rumfar zaɓe, da safe ina zaune, idona na kan akwati. Salla ma a bakin ƙofa na yi ta. Da anka rufe, a gabana anka zazzage, a gabana anka ƙirga. Mutum ɗari biyu da uku sunka jefa. Namu ya samu arba'in da ɗaya. Na ce a sake ƙirgawa, anka sake. Na sa hannu, don abin da na gani ke nan."

"To me kake gani ya faru?"

"Na yi shekaru ina juya shi. Na ce ko an shigo da wani abu an raba ban sani ba. Amma garin ga ƙarami ne, ko sabulu guda anka raba sai an ji ƙamshinsa. Na ce ko mutane sun ruɗe da hotuna, sun dangwala inda ba nan ba. To mutum goma su ruɗe, ba ɗari da sittin ba. Akwai wanda ya ce mini doguwar fadama ce, aljanar nan, ta juya hannun mutane, in tahi Lugu wurin bokaye a duba mini. Ban tahi ba." Ya tura taswirar gabanta. "Gaskiyar magana, ban sani ba. In abin da kika zo ji ke nan, kin sha hanya a banza."

Josiane ba ta naɗe taswirar ba. Ta buɗe wani littafi ta bi layi da yatsa.

"An rubuta mutum fiye da ɗari huɗu a garin nan, amma rabi ne suka jefa. Sauran fa?"

"Rani ne. Maza duk sun tahi bida. Wasu Kwatano, wasu Legas, wasu Agadas. In kin cire tsofaffi da mu ƴan kaɗan, ba namiji a gari."

"Ke nan yawancin waɗanda suka jefa mata ne."

"Mata ne. Amma wanga ba wani abu ba ne. Ni da kaina na bi mazansu ta wayar salula ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya gaya wa iyalinsa inda za a sa hannu."

Josiane ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, a hankali, "Baba, ko za ka ba ni izini in yi magana da matan garin?"

Ƙarar ɓarar gyaɗa ta bayan darni ta tsaya. Habsatu ta fito tana kakkaɓe zane, ta tsaya a bakin zauren. Mace ce gajera mai ƙarfin jiki, ba ta cika magana a gaban baƙi ba.

"Ba sai kin yi nisa ba, ɗiyata," ta ce. Ta dubi mijinta. "Malam, in zauna?"

Ya yi mamaki, amma ya nuna mata gefen tabarma. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Malam, ka tuna garake?"

Ya tuna. A gangaren garin akwai fadama, inda ruwa ba ya da nisa, in an haƙa kamu uku sai a same shi. Tun zamanin kakanni mata ke noman rani a wurin. Kowace da ƴar garkarta, tana shuka albasa da tumatir da salati da tonka. Da wannan ake miya duk rani, da shi ake rufa asiri har maza su dawo. A shekarar zaɓen, bayan an gama girbi maza sun watse, Alhaji Ahmad ya zo da takarda mai hatimi, ya ce an ba shi fadamar zai dasa mangwaro. Cikin kwana huɗu ya kewaye ta da waya.

"Sau uku munka zo wurinka," in ji Habsatu. "Na farko ni kaɗai, a ɗaki. Na biyu da Kubra, babbarmu a garake, da Marwa. Na uku mun fi ashirin, nan cikin zauren ga munka tsaya. Ka tuna abin da ka ce muna?"

Mani ya tuna. Ya ce musu su yi haƙuri har a gama zaɓe, kada a ɓata wa Alhaji rai a irin wannan lokaci. Ya ce in an ci, shi da kansa zai kai maganar. Kuma har zuciyarsa haka ya yi niyya.

"Na ce ku jira," ya ce.

"Ka ce mu jira. Lokacin irin albasa na hannunmu, yana bushewa. Maigari ya ce takarda ta fi ƙarfinsa. Mazanmu in mun kira su sai su ce mu bari su dawo. To, ranar sunan jikan Kubra, bayan an ci an sha, Kubra ta sa anka rufe ƙofa. Ta ce kowa ya ƙi jin mu, amma akwai rana guda da za a sa mu layi, a ba mu takarda, a sakaya mu bayan labule inda ba miji ba maigari. Ta ce ranar nan sai an ji mu."

Josiane ta ajiye alƙalaminta. Ba ta rubuta komai ba.

"Inna, kun san ɗan takarar da kuka zaɓa?"

"Ina munka san shi? Ko sunansa ban iya faɗi daidai ba. Marwa ce ta tambayo wane ne Alhaji ya fi ƙi a cikinsu, anka nuna mata hotonsa a jikin bango a kasuwa. Ta dawo ta kwatanta muna hularsa da inda yake a jerin hotuna. Mu ba mutum munka zaɓa ba, ɗiyata. So muke a cire waya."

"Ke ma?" in ji Mani. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni na bi gidajen yamma. Marwa ta bi na gabas."

Mani ya tuna safiyar zaɓen, yadda Habsatu ta riga kowa shiga layi, ta wuce ta gabansa ba ta dube shi ba, shi kuma ya ji daɗi a ransa cewa matar delege ce ta fara. Ya tuna ranar da ya dawo daga kasuwar Kore Mairuwa ya kasa cin tuwo, ta zauna kusa da shi har tuwon ya huce, ba ta ce komai ba.

"Shekara nawa, Habsatu," ya ce. "Kina gani."

"Ina gani."

"Kina ji ana ce mini na sai da gari."

"Ina ji, Malam. Mun yi rantsuwa, mu duka. Kubra ta ce in magana ta fita, akwai waɗanda aurensu ba zai kai damina ba, kuma ka san gaskiya ta faɗi. Ka san mijin Marwa a lokacin. Mu mun zaci za a ce mata ne sunka ruɗe, a yi muna dariya, a wuce. Ba wadda ta kawo a ranta cewa kai za a ɗora wa." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Da abin ya faɗo kanka na tahi wurin Kubra na ce a kwance mini rantsuwa. Ta ce in na gaya maka, Alhaji zai tambaye ka, kai kuwa ba ka iya ƙarya ba. Ban iya musa mata ba, don kuwa haka kake."

Mani ya tashi. Bai yi sallama da baƙuwar ba, ya sa takalmi ya fita.

Ƙafarsa ta kai shi gangaren fadama ba tare da ya yi shawara ba. Rana ta take, mata kaɗan ne a garake, suna ɗibar ruwa da guga suna zubawa a kwanoni, wato fangulan shuka. Wayar tana nan har yanzu, amma can gefe, ta kewaye kusan kashi ɗaya cikin uku, inda mangwaron Alhaji suka girma. Wata bakwai bayan zaɓen ne Alhaji ya aiko ma'aikata suka janye ta baya, ba tare da ya faɗi dalili ba. A lokacin mutane suka yi ta yaba masa, Mani ma ya ce a ransa ashe mutumin yana da tausayi. Yanzu da ya tsaya yana kallon turakun sai lissafin ya fito masa. Alhaji ba wawa ba ne. Ya gane ko su wa suka yi masa haka, ya gyara kafin a sake kafa akwati. Ya sani, kuma bai taɓa zuwa ya ce Mani, na zalunce ka ba. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa.

Ya zauna a kan wani kututture. Fushi yake ji, amma ya rasa inda zai ajiye shi. In ya kai shi kan Alhaji, Alhaji yana kabari. In ya kai shi kan Habsatu, sai ya ga mata ashirin tsaye a zaurensa da irin albasa ƙulle a bakin zane, shi kuma yana ce musu su jira. Ya bi kowane namiji ta salula har Legas, amma bai tambayi matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi inda za ta sa hannu ba. Bai ma zo masa a rai cewa abin tambaya ne ba.

Wata tsohuwa ta taso daga garkarta tana ɗingishi, da salati cike da hannu. Marwa ce. Ta gaishe shi, ta ajiye salatin a gefensa kamar yadda ta saba. Duk shekarun nan, duk abin da ya fara nuna a fadama sai an kai gidansa, yau wannan ta kawo, gobe waccan. Ya ɗauka tausayinsa suke ji.

"Marwa," ya ce, "wace irin hula ce mutumin yake da ita?"

Ta tsaya cak. Ta dube shi, ta dubi hanyar gari, ta sake dubansa. Sai ta zauna a ƙasa, nesa kaɗan da shi.

"Ta gaya maka."

"Ta gaya mini."

"Ta daɗe tana so. Tun da Kubra ta rasu bara take cewa ita ta gaji." Marwa ta ja numfashi. "Mani, mun ci amanarka, ba mu da bakin ba ka haƙuri. Amma ka duba." Ta nuna garaken da hannu. "Da wanga munka aurar da ɗiya, da shi munka yi jinya. Ban san yadda za a auna ba."

"Ni ma ban sani ba," in ji Mani.

Sai bayan azahar ya koma gida. Josiane tana nan a zaure, ta naɗe taswirorinta, an kawo mata tuwo ta ci kaɗan. Da ta gan shi ta miƙe.

"Baba, ka gafarce ni. Ban san abin da zan tono ke nan ba."

"Zauna, ɗiyata. Ba ke kika binne shi ba." Ya zauna shi ma. "Mi za ki rubuta?"

"Ba zan sa sunan kowa ba, ko sunan gari. Inna ma ta roƙe ni haka." Ta dubi taswirorin da ta naɗe. "Malamina yana da gaskiya, ƙauye ɗaya ba ya canza taswira. Yankin nan ya bi manyansa, haka zan rubuta. Amma ni yanzu tsoro nake ji. Duk ɗigon nan da na yi da launi ɗaya, na ɗauka dalilinsu ɗaya ne. A cikinsu ƙauye nawa ne maza ba sa nan? Wata ƙila wasu sun bi jam'iyyar don rijiya, wasu don tsoro, wasu don surukuta. Ni daga Yamai na shafa musu launi na ce ɗan gida suka bi."

"To ki rubuta wanga ma," in ji Mani. "Ki ce an gaya wa delegen garin sau uku, bai ji ba."

"Baba, wannan ba sai na sa ba."

"Ki sa. In kin bar shi, bayaninki bai cika ba."

Da mai kabu-kabu ya dawo ɗaukarta, Mani ya raka ta bakin hanya, ya ba ta igiya sabuwa guda ta kai wa Majo, ya ce a gaya masa ƙafar tana nan lafiya.

Kwana biyu ba su yi wata magana da Habsatu ba sai ta dole. Tana kawo abinci, yana ci. A rana ta uku da la'asar tana tankaɗe a tsakar gida, ya zo ya tsaya a kanta.

"Da kin gaya mini tun kafin zaɓe, mi kike gani zan yi?"

Ba ta daina tankaɗen ba. "Da ka tahi wurin Alhaji ka ce masa a yi gyara, mata za su ɓalle. Don alheri za ka yi. Shi kuma ya kira mazanmu."

Ya yi tunani. "Haka zan yi," ya ce.

"Na sani." Ta ajiye rariyar. "Malam, ban ce na yi daidai da na bar ka cikin wanga hali ba. Kullum da shi nake kwana. Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma zuciyata ba ta sauka ba tukuna, kada in yi miki ƙarya."

"Ba na gaggawa," ta ce.

Bayan mako biyu Josiane ta dawo. Ta ce ta gwada ƙauyuka uku, amma da ta ambaci zaɓe sai mata su ce su ba su san komai ba, a tambayi maigida. Ta roƙi Mani ko zai bar Habsatu ta raka ta na kwana shida, don in tsohuwa irinta ta shiga gida ta zauna, baki zai buɗe. Habsatu ta ce ita ba ta da ta cewa, kuma ga albasarta tana son ruwa safe da yamma. Mani ya ce ta tafi, shi zai yi ban ruwa.

Bai taɓa yi ba. Ranar farko ya cika wa kwanoni biyu ruwa har irin ya kwanta, matan garaken kusa suna kallo suna danne dariya, har Marwa ta zo ta nuna masa yadda ake karya ƙarfin ruwan da tafin hannu. Zuwa lokacin magana ta riga ta zaga gari. Marwa ce ta fara gaya wa nata mijin, sauran suka bi. An yi ƴan ƙananan rigingimu a wasu gidaje, amma mazan sun tsufa, abin kuma ya daɗe, ba auren da ya mutu.

A rana ta huɗu yana jan guga sai ya ji sallama a bayansa. Mijin Marwa ne, wanda rabon da ya tako inda Mani yake don kansa tun shekarar zaɓen. Ya tsaya yana juya sandarsa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi sanyi, ya tambayi albasa. Sannan ya tsuguna a bakin rijiyar.

"Mani, kai da gaske ba ka sani ba?"

"Ban sani ba. Kai fa?"

"Ni da nake Kwatano? Na kira ta na ce ga inda za ki sa hannu, ta ce to." Ya girgiza kai. "Ta ce mini to, Mani."

Mani ya jawo gugan ya zuba. Can mijin Marwa ya ce ranar Juma'a za a zauna kan iyakar gonar wasu marayu, maigari ya ce a gaya masa ana son ya zo. Ya faɗi maganar yana kallon ƙasa.

Mani ya ce zai duba. Sannan ya miƙa masa gugan, ya ce tunda ya zo, ya kama masa, saura kwano tara kafin rana ta yi zafi.